Waƙa Ba Takarda: Yadda Makaɗi da 'Yan Amshinsa ke Hardace Waƙa

Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan Sallah, ko a wajen naɗin sarauta, ya ga aikin makaɗan kotso da na taushi. Jagora zai ja waƙa ɗaya ta doshi rabin awa. Zai jero kakannin sarki bi da bi, ya ambaci garuruwan da suka riƙe, ya gangaro kan hakimai da fadawa, mutum shida ko bakwai na bayansa suna cafe magana daga bakinsa suna ƙarasawa. Da an sauke wannan sai a ɗauki wata, har rana ta take, kuma babu ko guntun takarda a hannun ɗayansu.

Masu kallo kan ce baiwa ce, wasu ma su ce da iskoki a ciki. Baiwa kam akwai ta, amma ba ita kaɗai ke riƙe waƙa ba. Abin da ke riƙe ta shi ne yadda aka gina ta tun farko don ta zauna a ka, da yadda aka raba nauyinta tsakanin mutanen ƙungiya, da kuma baccin da aka hana ido ana maimaita ta. Hadda a wannan sana'a aiki ne mai hawa-hawa, kuma da ita ake ciyar da gida.

Neman labari

Kafin a taɓa kotso, labari ake nema. Idan basarake za a yi wa waƙa, dole a san mahaifinsa da kakansa, da gidan sarautar da ya fito, da wanda ya gada, da waɗanda suka nemi kujerar tare da shi ba su samu ba, da kirarin sarautarsa, da sunayen 'ya'yansa da barorinsa na jiki. Ana samun wannan a bakin tsofaffin fadawa da zagage da maroƙan baka. Sau da yawa sanƙira ake turawa, wato mutumin nan mai shelar kyauta a filin wasa. Zai tafi da goro a aljihu, ya zauna hira, ya dawo da sunaye a ka. Kuɗin farko da waƙa ke ci ke nan: kuɗin mota, da goro, da ɗan ihsani ga wanda ya ba da labari.

Makaɗan fada na asali sun samu sauƙin wannan, don sun zauna da iyayen gidansu shekara da shekaru. Ibrahim Narambaɗa na Tubali yana tare da Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Salihu Jankiɗi yana Sakkwato a matsayin Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Sa'idu Faru yana tare da Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu. Wanda ya kwana ya tashi a fada ɗaya, tarihin gidan ya riga ya zauna masa, abin da ya rage shi ne ya sa masa kiɗa.

Sai kuma tacewa. Ba duk abin da aka ji ke shiga waƙa ba. Sunan da zai tayar da tsohuwar gaba ana sakaya shi cikin habaici. Sunan da ya yi tsawo har ya ƙi hawa kiɗa ana neman laƙabin mai shi. Tun a nan aka fara tunanin hadda, domin kalmar da ta yi wa baki nauyi a zaure, ita ce za ta kuɓuce a gaban jama'a.

Gindi da kiɗa

Abin da ake fara kafawa shi ne gindin waƙa, layi ɗaya ko biyu ko uku da za a riƙa komawa kansu daga farko har ƙarshe. Jagora kan yi kwanaki yana gunguni da shi, a gona, a kan hanya, a shimfiɗa, yana cire wannan kalma yana sa waccan har sai ya ji ya faɗa daidai. Gindin da aka dace da shi, ji ɗaya yaro zai yi masa ya tafi yana rerawa.

Daga nan sai a miƙa shi ga makaɗa, kuma a nan ne babbar dabarar take. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma gaɓoɓinsa akwai masu nauyi akwai masu sauƙi. Kotso da kalangu suna da tsarkiya: a matsa ta a hammata sauti ya hau, a sassauta ya sauka. Saboda haka makaɗi yana iya faɗar gindin waƙa da hannunsa, gaɓa da gaɓa. A yawancin ƙungiyoyi kuwa masu kiɗan su ne 'yan amshin. Mutum yana faɗar magana da baki yana kaɗa ta da hannu a lokaci guda, sai ta shiga masa ta ƙofa biyu. Ranar da kalma ta ɓace wa baki, hannu bai manta da gurbinta ba. Ya san gaɓa uku ce, ta fari ta hau, ta ƙarshe mai ja ce. Kalmomin da za su cike wannan gurbi ba su da yawa, nan da nan wadda ake nema za ta faɗo.

Ɗiyan waƙa

A kan gindi ake ɗora ɗiya. Kowane ɗa magana ɗaya yake ɗauke da ita: wannan na nasaba ne, wannan na zuga, wannan na zambo ga ɗan sarkin da ya rasa sarauta, wannan na godiya kan doki ko riga. Idan ɗa ya ƙare sai a koma gindi. Ɗan amshi ba ya hardace waƙar rabin awa a dunƙule. Gajerun ɗiya yake hardacewa, ashirin ko talatin, kowane da sunan da ake kiransa da shi a ƙungiya: ɗan kakanni, ɗan doki, ɗan Galadima.

Wannan gini yana da amfani biyu. Na farko, komawa gindi hutu ne ga jagora. Yayin da 'yan amshi ke rera shi, yana jan numfashi yana lalubo ɗan da zai biyo baya. Na biyu, ɗiya suna iya musayar wuri. In ɗa na bakwai ya riga na biyar fitowa, waƙa ba ta lalace ba. Shi ya sa in aka saurari waƙa ɗaya ta Musa Ɗanƙwairo a ɗauka biyu daban-daban, za a tarar gindi ɗaya ne, amma jerin ɗiyan ya saɓa, wani ya ƙaru, wani ya fita.

A cikin ɗa kuwa, ana bin tsarin da kowa ya riga ya sani. Nasaba daga kaka take gangarowa zuwa uba zuwa ɗa. Garuruwa ana bin su yadda matafiyi zai tarar da su a kan hanya. Masu sarauta ana jero su yadda suke zama a fada. Wanda ya san hanyar Gusau zuwa Sakkwato ba ya buƙatar a tuna masa cewa Talata Mafara na gaba da Maru. Ga kuma kalmomin gado da kowane makaɗi ya tashi ya tarar: giwa, zaki, bajimi, da kirarin da ke bin kowace sarauta. Waɗannan ba a sake hardace su, suna nan a ajiye, ana ɗauko su duk inda gurbi ya samu.

Daren gwaji

Bayan sallar isha ake haɗuwa, a zauren jagora ko a bayan gari inda ba za a dami maƙwabta ba, kuma inda wani makaɗi ba zai ji sabon gindi ya riga su fita da shi ba. In lokacin sanyi ne sai a hura wuta, a kara fatar kotso a gefenta har ta ɗame, a gyara danƙon da ke tsakiyarta da yatsa, a ɗan bubbuga a ji ko murya ta fito. Jagora na zaune a kan buzu, 'yan amshi sun yi masa rabin da'ira. Daudun kiɗi, wato mataimakinsa, yana dama da shi.

Ba a fara sabon ɗa da kiɗa. Jagora zai faɗe shi da baki tukuna, a hankali, kamar mai ba da saƙo. Su maimaita. Ya sake, su sake. Sai ya yanka layin biyu, ya riƙe farko, ya bar musu ƙarshe. Wannan shi ne ƙari: ya ɗauko magana, su ƙarasa. A wani wurin za su tarbe shi tun bai kai ƙarshen layi ba, a wani wurin su raka shi su sauka tare, a wani wurin kuma a yi karɓeɓeniya, wannan ɓangare ya faɗa wancan ya karɓa. Ta haka babu wanda ya ɗauki waƙar duka shi kaɗai. Kalmar ƙarshe ta jagora ita ke buɗe bakin 'yan amshi, kalmarsu ta ƙarshe ita ke tuna masa abin da ke gaba.

Sannan a sa kiɗa. A nan ake gane wanda ya riƙe da wanda ke laɓewa a bayan muryar 'yan'uwansa. Jagora zai ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya cak.

"Kai, auta, faɗo shi kai kaɗai."

Yaro ya faɗa, ya haɗiye sunan kakan sarki.

"Sake, ɗana. Wannan sunan shi za a ba mu doki a kansa."

"To, Baba."

Ya sake har sau nawa, sai an ji sunan ya fito tas, sannan jagora ya juya: "Daudu, ɗauko mana daga ɗan kakanni."

Ba a cika ɗora ɗiya da yawa a dare ɗaya ba. Biyu ko uku, a tashi. Da asuba kowa ya gwada abin da ya kwana da shi, domin abin da ya tsira bayan bacci shi ne ya zauna. Washegari da dare ba a taɓa sabo sai an bi na jiya da na shekaranjiya. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tsari, don haka ake yi da tilawa, ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma ba a barin na baya ya yi sanyi. In Sallah ta gabato kuma, sai a ware darare na tsofaffin waƙoƙi kawai, a kakkaɓe su, a cire sunan hakimin da ya rasu, a sa na wanda aka naɗa.

Yaro mai koyo ba ya fara da waƙa. Ɗaukar kaya yake yi, da shimfiɗa tabarma, da tsintar kuɗin liƙi. Shekaru zai yi yana jin waƙoƙin nan kafin a ba shi ƙaramin kiɗa, sannan a bar shi ya sa baki a gindi, sannan a ɗiya. Ɗanƙwairo kansa, wanda ya rasu a 1991, a bayan mahaifinsa ya fara amshi, ya zama Daudun kiɗi a ƙungiyar wansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Lokacin da irin wannan yaro zai buɗe baki a fili, kunnensa ya daɗe da hardace abin da za a ce ya faɗa.

Masu ƙire da masu tafiya su kaɗai

Ba kowane makaɗi ke bin wannan hanya ba. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirar waƙa nan take. 'Yan amshinsa gindi kawai suke riƙewa, shi kuma ya yi ta zuba ɗiya a kan kalangu yadda wuri ya ba shi. Amma mai ƙire ma yana da abin da ya hardace: ɗaruruwan gindaye da kiɗan kowannensu, da sunayen mutane da garuruwansu da iyayen gidansu, da tarin maganganun da ya san suna hawa kiɗansa. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, ba shi da ɗan amshi ko ɗaya. Kuntiginsa ne ke karɓa masa, tsakanin ɗa da ɗa yatsunsa na kaɗawa, kansa na shirya na gaba. Barmani Coge da matan da ke mata kiɗan ƙwarya a Funtuwa kuwa, amshi da tafi da rawa ne ke ɗaure musu waƙa.

A ɓangaren rubutacciyar waƙa akwai Aliyu Namangi na Zariya, makaho, wanda ya tsara Imfiraji a ka, wasu suka rubuta. Almajirai da makafi sun hardace ta suna rerawa a kasuwanni da tashoshi. Abin da ya taimake su shi ne awon baiti da amsa-amo: in ka san sautin da kowane baiti zai sauka a kai, rabin aikin ya ƙare.

Ranar fita

A fili ake sayar da abin da aka dafa a zaure. A nan sanƙira ke zama idon jagora. Shi ke lura da wanda ya shigo, ya matso ya raɗa masa suna da sarauta, ko ya ɗaga murya ya yi wa mutumin kirari yadda jagora zai tsinci sunan ya saka a waƙa. Mantuwa iri biyu ce. In ɗa ne ya ɓace, gyaransa sauƙi gare shi: jagora ya yi wa makaɗa alama a koma gindi, ko Daudu ya ɗauko masa bakin layin, jama'a ba su ma sani ba. Wadda ake tsoro ita ce ta suna. A ba mutum uban da ba nasa ba, ko a tsallake babban hakimi a ambaci na ƙasa da shi, wannan kan jawo a rasa kyauta, wani lokaci a rasa ƙofar gidan gaba ɗaya.

Samu ya danganta da inda aka je. Akwai liƙi, akwai kuɗin da mai biki ke bayarwa kafin a zo. Manyan kyaututtuka na sarakuna da attajirai su ne riguna, da dawaki, da hatsi, daga baya aka shiga ba da motoci da kujerar Makka. In an dawo masauki sai a zube abin da aka samu. A fara cire kuɗin mota da abinci da gyaran kayan kiɗa, don fata na fashewa, tsarkiya na tsinkewa. Jagora ya ɗauki babban kaso, saura a raba bisa girma da daɗewa. Kyautar da aka ambaci sunan jagora a kanta, tasa ce, sai abin da ya ga dama ya sam musu. A nan ne yawancin saɓani ke tasowa, kuma a nan ƙungiyoyi ke rabewa. Jagora mai wayo ba ya wasa da tsohon ɗan amshi, don rumbunsa ne. In ya yi fushi ya tafi, da rabin ɗiyan waƙoƙi zai tafi.

Sana'ar tana da lokaci. Kasuwarta daga kaka ne zuwa bazara, lokacin aure da naɗi da kalankuwa, sai kuma Sallah biyu da kakar siyasa. Da azumi ana ajiye kiɗa, da damina yawancinsu gona suke komawa. Murya ita ce jari, ga hazo da ƙura da kwanan fili, shi ya sa ba a raba su da zuma da citta da kanumfari, kuma da yawansu ba sa shan ruwan sanyi in za su fita. Rashin tsaro a hanyoyin Zamfara da gabashin Sakkwato, inda nan ne mahaifar makaɗan kotso da yawa, ya rage tafiye-tafiye da wasan dare. A birane kuma mai biki ya gwammace ya ɗauko mai sa waƙa a na'ura da ya ciyar da mutum goma. Ga kuma tsohon kallon da ake yi wa maroƙi, wanda har yau yakan taso idan ɗan makaɗi ya je neman aure.

Zamanin sutudiyo

Mawaƙin zamani a Kano ko Kaduna ko Jos ta wata ƙofar yake shigowa. A littafi ko a waya yake rubuta baitocinsa. Ya biya kuɗin sutudiyo da na mai kiɗan fiyano da na mai amshi, ya shiga ɗakin ɗauka da takarda a hannu. Layi-layi ake ɗauka, inda ya yi tuntuɓe a yanke a sake. Yana iya fitowa da waƙa gamammiya alhali bai taɓa rera ta daga farko zuwa ƙarshe ba. Matsalar sai ranar da aka gayyace shi biki ko gangami. Shi ya sa mamin ya yi yawa: a saki waƙa a lasifika, mawaƙi na motsa baki. In wuta ta ɗauke, ko mai biki ya ce a sa sunan surukarsa, sai asiri ya tonu.

Waɗanda suka ɗauki abin da gaske suna da nasu dabarun, kuma in an duba, na zaure ne aka sake wa riga. Suna sake rubuta waƙar da hannu ba tare da duba ta farko ba, don a ga inda ta yi rami. Suna riƙe kalmar farko ta kowane baiti, su jera su a ƙaramar takarda, daga baya su yar da takardar. Suna karɓar kiɗan zalla daga sutudiyo, ba murya, su riƙa hawa kansa a ɗaki da cikin mota. Suna ɗaukar muryarsu a waya su saurara kafin bacci, su gwada da safe. Suna fara gwaji daga baitin tsakiya ko na ƙarshe, don kada ya zama farkon waƙa kaɗai ya nuna. Wasu kuma suna haɗa kowane baiti da takun rawa ko motsin hannu, jiki ya riƙa tuna wa baki. Wanda ya iya wannan, shi ake sake kira, domin kuɗin waƙa a yau ba a sayar da faifai yake ba. Masu tura waƙa a waya sun kashe wannan kasuwa. Abin da ya rage shi ne waƙar da aka yi wa wani ya biya, da ɗan abin da YouTube ke kawowa, da wasa a gaban jama'a.

An yi ƙoƙarin adana na da. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna ya ɗauki makaɗa da dama, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya rubuta waƙoƙi masu yawa a Diwanin Waƙoƙin Baka, kuma 'ya'ya da jikokin makaɗa suna komawa kan kaset su tsinci ɗiyan da suka ɓace musu. Sai dai kaset yini ɗaya ya kama, da sunayen mutanen da ke wurin a ranar. In gobe aka naɗa sabon hakimi, ba kaset zai ƙara masa ɗa a tsohuwar waƙar gidansu ba. Sai an samu mutanen da waƙar ke kansu, waɗanda suka san inda za a buɗe ta a saka shi. Irin waɗannan mutane shekaru ake yi ana yin su, kuma ba za su zauna a sana'ar ba sai tana ciyar da su. Duk mai liƙi da ya tashi, in ya gama da goshin jagora, ya taka ya isa layin baya.